Ranar da Aka Kama Auta Tana Karatu

Nas ta cire takalmanta a bakin ofis kamar yadda dokar makarantar ta ce, ta shiga ta tarar babu kujera ko ɗaya, sai matasai a ƙasa. Ta zauna da ƙyar, gwiwarta na ƙara, farar rigar aiki har yanzu a jikinta. Daga ɗakin masu haihuwa aka kirawo ta, aka ce maganar 'yarta Auta ce, kuma ba ta waya ba ce.

Shugabar, wadda yara da iyaye duk suke kira Anti Babba, ta haɗa tafukanta, ta yi ƙasa da murya kamar mai gaisuwar mutuwa.

"Maman Auta, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yarinyar nan ta iya karatu."

Nas ta jira sauran maganar. Ashe maganar ke nan.

"Jiya muka yi baƙi, iyaye masu neman gurbi," in ji Anti Babba. "Ana cikin darasin yumɓu ta ɗaga kai ta karanta musu rubutun bango tiryan-tiryan: Kowane yaro da lokacinsa. Wani uba har da tafi. Nan take suka shiga tambayar me ya hana sauran iyawa."

"To Anti, ni na ɗauka abin..."

"A nan ba ma kusantar harafi sai shekara bakwai. Kafin nan hannu muke reno, da kunne, da zuciya. Harafi da wuri toshe wa yaro tunani yake yi. Auta fa shekararta biyar. Wa ya koya mata?"

Nas ta san mai laifin. Mahaifinta ne, tsohon da ido ya fara gudu, wanda kullum yake zaunar da jikar tasa, wai amaryarsa, yana nuna mata baƙaƙen da ke jikin kwalin maganinsa ɗaya bayan ɗaya. Daga shi har jikar babu wanda ya san ɓarna suke yi.

Dariya ta taso mata har wuya, ta haɗiye, domin ta tuna makarantar da ta ciro Auta daga ciki. A can malami ya zane ta da bulala kan ta rubuta uku a juye, yarinya ta daina magana wata huɗu, kowace safiya sai ciwon ciki. A nan kuwa cikin shekara guda ta dawo mutum. Tana shigowa gida da fenti har kunne, tana waƙa a banɗaki, ta shuka wake a gwangwani ta raɗa masa suna. Nas tana son makarantar nan har zuciyarta, da rashin kujerun da komai, kuma tsoron rasa ta ya kama ta sosai.

"Me kike so in yi, Anti?"

"Wata uku babu littafi a gida. Kwalaye ma a juya su. In Allah ya so za ta manta. In kuma abin ya ci gaba, wataƙila wata makarantar ce ta fi dacewa da ita."

"Kora ke nan?"

"Mu ba ma kora. Rakiya muke cewa."

A makarantar ba a sa hannu da biro. Nas ta tsoma babban yatsanta a koren fenti, ta dangwala a takardar alkawari, Anti Babba ta rungume ta har da ƙwalla.

Auta tana zaune a benci daf da ƙofa, riƙe da tsuntsun yumɓu da bai gama bushewa ba. Ƙofar a buɗe take tun ɗazu, domin wata dokar ta ce ba a rufe wa yaro ƙofa. Uwar ta kama hannunta suka fita.

A tasha mutane sun yi cincirindo, rana ta take. Nas ta laluba jaka ta ga garin sauri ta baro tabaranta a asibiti. Wata bas ta taho, rubutun goshinta ya zame mata hazo-hazo. Ta taɓa kafaɗar 'yar kamar yadda ta saba.

"Auta, duba mini, ina waccan za ta?"

Yarinyar ta ɗaga kai. Nas ta ga leɓunanta sun motsa, sannan ta datse su.

"Ni ban iya karatu ba, Mama."

Bas ta tsaya tun kafin ta iso wurinsu, mutane suka dafe, ta tashi. Sai da ta gifta su sannan Nas ta iya ganin rubutun bayanta. Ta unguwarsu ce, kuma wata ba za ta zo ba sai bayan la'asar.

Auta ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ta ja gefen farar rigar uwarta a hankali.

"Na yi daidai, ko? Gobe zan je makaranta?"