Babban Yatsan Tarsia

Shekara goma sha tara Fulgenzio Tarsia yana jagorantar 'yan jam'iyyarsa a majalisar dokoki ta Roma, kuma rabin aikin da babban yatsa ake yinsa. In an zo ƙuri'a sai ya ɗaga hannu. Yatsa sama, mutum arba'in su danna "na yarda". Yatsa ƙasa, su danna "ban yarda ba". Yawancinsu ko takardar ba sa buɗewa, kuma bai taɓa ganin laifinsu ba.

Ranar Laraba aka kawo dokar rufe ƙananan asibitoci, har da na garinsu, inda ƙanwarsa ke zuwa wankin ƙoda sau uku a mako. Uwar jam'iyya ta ce a amince. Shi kuwa ya ƙudura zai juya yatsa ƙasa, don ƙuri'a arba'in sun isa su kayar da dokar.

A wurin shan kofi ya tarar da mataimakiyarsa, Donata Vezzi.

"Shugaba, wannan fuska fa? Kamar wanda aka aiko wa sammaci."

"Ke dai ki dubi hannuna yau."

"Kullum ai shi muke kallo. Ko matarka ba ta san hannun nan kamar mu ba."

Aka buɗe ƙuri'a. Ya ɗaga hannu, ya juya yatsa ƙasa, ya riƙe shi haka har kafaɗarsa ta fara tsami. Da ya waiga, sai ya ga kowa ya sunkuya kan wayarsa. Ashe hedikwatar jam'iyya ta tura wa kowa saƙo tun da safe cewa a danna "na yarda", ban da shi. A allon bango, ɓangarensu duk ya yi kore, alamar amincewa, sai ja guda ɗaya, nasa. Doka ta wuce.

Ya zauna yana jiran fushi ya zo, bai zo ba. Kunya ma ba ta zo ba. Yunwa kawai ya ɗan ji.

Donata ta sauko ta ajiye masa takarda da biro.

"'Yan jarida za su yi tambaya. Ka sa hannu a nan, a rubuta cewa kuskure ka yi wajen dannawa. Yana faruwa ga manya."

"Babu wanda ya ga hannuna?"

"Wane hannu, Shugaba?"

Wayarsa ta soma motsi a kan tebur, sunan ƙanwarsa a jiki. Ya bar ta tana yi, ya ɗauki biron, ya tambayi Donata yau nawa ga wata.