Ƙafar Kofur

Ɗantsoho mai ɗori na Aliero bai taɓa shiga aji ba, amma yana da Turanci guda huɗu, kuma duk a jikin karyayyu ya koye su. Tun da masu kaki suka kafa shinge a hanyar Jega, wanda duk aka kawo masa sai ya zo da kalmar da aka daka masa kafin duka. Kam dawun, sauko ke nan, ita hannu take ci. Lai dawun, kwanta, ta haƙarƙari ce. Sharaf kuwa, rufe baki, muƙamuƙi take nema.

Ta huɗun ƙanensa Ismail ne ya kawo ta. An sauko da shi daga motar albasa, wani kofur mai tabo a goshi ya tattaka masa baya yana ta ce masa geraf, wato tashi. Ina zai tashi? Bai kai Juma'a ba ya cika.

Da kaka sai ga kofur ɗin an shigo da shi zaure a kan ƙyaure, mota ta kife da su, cinyar dama ta karye biyu. Ɗantsoho ya ga tabon, ransa ya yi baƙi ƙirin. Ya san in ya karkata ƙashin kaɗan, mutumin ya gurgunce ke nan, ba kuma mai ganewa. Sai dai ubansa ya rantsar da shi ranar da ya ba shi sana'ar, cewa ba a tambayar ƙashi na wane ne.

"Lai dawun," in ji shi.

Ya sa ƙarti suka danne shi, ya ja ƙafar ba tausayi. Kofur ya yi ta kurma ihu yana kiran uwarsa, Ɗantsoho kuwa har ransa ya ji daɗin ihun, bai ma ce sharaf ba. Amma ƙashi ya zauna sak, ya jera karare ya ɗaure.

Bayan babbar salla aka kawo wani direban Maiyama yana tarin jini, haƙarƙari sun lotsa. Ya ce mai tabon nan ne ya shure shi, ya warke ya koma shinge.

"Da wace ƙahwa yash shure ka?"

"Ta dama, Baba. Ƙahwag ga kamar taɓarya."

Ɗantsoho ya daɗe yana duban hannuwansa. Sannan ya ce a miƙo masa karare.