Gidan da Makulli Ya Buɗe

"Nan za ka sha kwana," in ji Akawu, yana nuna wa direba hannun dama. "A'a, tsaya. Gaba kaɗan. Za ka ga tarin yashi."

Direban ya dube shi ta wutsiyar ido. Tun da suka sauka daga kwalta ake yi masa alƙawarin wannan tarin yashi.

Su uku ne a gaban babbar motar: direba, Akawu a tsakiya gwiwarsa na karo da giya, sai matarsa a bakin taga ta rungume jaka kamar mai jiran layin allura. A baya kuwa duk abin da aurensu ya tara ne, gado da katifu da firij da tukwane, 'yan dako biyu a zaune a kan buhunan tufafi, sai keken ɗinkinta da aka naɗe da bargo aka ɗaure a can ƙurya.

A kan keken nan aka yi yarjejeniya. Ranar da ya gaya mata ya kama haya a bayan gari, can inda birni ke cinye gonaki, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi za ta bi shi ta gani. Amma keke ba zai sauka daga mota ba sai gidan ya kwanta mata. In bai kwanta ba, ita da keke za su koma gidan yayarta, inda dama aka ajiye yara, shi kuma ya zauna da firij ɗinsa da tsuntsaye.

Wannan duk bai taɓa Akawu ba. Tun safe yake jin kansa kamar balan-balan. Mutumin da ya tsufa a ciki da falo, banɗaki ɗaya da gida shida, har ya haddace tarin kowane maƙwabci, yau zai shiga gidan da shi kaɗai ne mai tari a cikinsa. Ya yi aski, ya fesa turare, don tashin gida kawai. A ofis, inda yake buga hatimi a takardun da ba mai karantawa, har masinja ya san faɗin tsakar gidan nan.

Matsala ɗaya ce: unguwar ba ta da sunan titi ko ɗaya. Da ya zo kwanakin baya, abu uku ya riƙe a kansa, tarin yashi, gonar masara, da jar ƙofa. To yashin ya zama katanga. Inda yake zaton gonar take, an zuba harsashin gini, har wani ya kafa rumfar cajin waya a kusurwa. Jar ƙofa kuwa, kamar an yi rabonta kyauta.

"Baban yara," in ji matarsa, ba ta ko juyo ba, "akuyar can mun wuce ta ɗazu."

"Akuyoyin nan kama suke yi."

"Har da yagaggen kunnen?"

Suka tsaya wajen wata mai sayar da tumatir a kan tebur. Akawu ya miƙa wuya ta kan matarsa ya tambayi layin sababbin gidajen haya.

"Wallahi ni ma shekaranjiya na tare," in ji matar. "Ku tambayi mai faci, shi ne tsohon ɗan unguwa. Ya kusa wata biyu."

Mai faci ya nuna musu gabas da sifana, sannan ya yi tunani ya nuna yamma.

Can, bayan sun zagaye wani kududdufi sun tsorata kaji, sai ga su: gidaje jere, ruwan ƙasa, jar ƙofa kowanne, kamar an haife su rana ɗaya. Akawu ya yi tsalle ya sauka ta ƙofar direba, ya taka wa bawan Allah ƙafa. Ya tsaya ya ƙare musu kallo irin na mai gida, ya zaɓi wanda zuciyarsa ta ba shi, ya zura makulli a kwaɗo. Kwaɗon ya buɗe.

Ya juyo ya ɗaga makullin sama, ya yi wa 'yan dako dariya, su ma suka taya shi don ladabi.

"Bismillah, Maman yara. Ki shigo ki ga daji."

Ta shiga a hankali, tana tattare da bakin zaninta. Ta leƙa falo, ta leƙa ɗakuna, ta ƙwanƙwasa bango da yatsa. Sai da ta zagaya bayan kicin ya ji ta ja numfashi.

Rijiya ce. Sabuwa fil, an ɗaure bakinta da siminti, da murfin ƙarfe da guga a rataye. Ta ɗaga murfin, ta jefa tsakuwa, suka ji ƙarar ruwa kusa-kusa.

"Baban yara. Ba ka gaya min akwai rijiya ba."

Bai gaya mata ba, don gidan da ya kama ba shi da rijiya. Wannan ya sani kamar yadda ya san lambar takalminsa. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga fuskarta. Matar da ta yi shekaru tana tashi ta jera bokiti a layin famfo, tana jayayya da mai kura a kan jarka, ga ta tana kallonsa kamar ranar da aka fara nuna mata shi, kafin gashin tsakiyar kansa ya yi ƙaura.

"So na yi ki gani da idonki," in ji shi.

"Ashe kai ma ka iya ɓoye abu." Ta dake shi a kafaɗa da jaka, ta nufi ƙofa tana ƙwala wa 'yan dako kira. "Ku fara da keke. A hankali, ba itace ba ne."

Keke ya sauka. Akawu na tsaye yana kallo aka shigo da shi aka ajiye a bakin tagar falo, inda haske ya fi. Ta kira yayarta a waya, ta kira ƙanwarta, ta zura wayar cikin rijiya don su ji amsa-kuwwa. Ta ja ruwa ta wanke fuska, ta wanke ƙafa, ta ba direba ya sha, ta yayyafa wa tsakar gida saura. Shi kuma yana ta ɗaukar tukwane yana dariya mai ƙarfi. Rabinsa na rawa, rabinsa na neman wurin ɓuya.

Ya ce zai duba bayan gida, ya sulale waje, ya hau kan tarin bulo inda waya ke kamawa, ya kira dillalin da ya sama masa hayar.

"Oga, kana ina ne?" in ji dillalin. "Tun ɗazu nake ƙofar gidanka."

"Ina cikin gidana."

"To ɗayanmu ya yi ƙarya."

"Makullin da ka ba ni ya buɗe."

"Ai zai buɗe. Mai gidajen kwali guda ya sayi kwaɗon nan, duk uwarsu ɗaya. Da makullinka sai ka shiga layin nan kaf. Me kake gani a wurin?"

"Rijiya."

"Kada ka sauke komai. Masu wannan yau za su tare."

Akawu ya waiga. Ana shiga da gado.

Bai gama saukowa daga bulon ba wata motar kaya ta ɓullo daga kwana, ta yi caɓa-caɓa da laka, alamar ita ma ta gaisa da kududdufin. Wani mai tabarau ya sauko, sa'an Akawu, shi ma da sabon aski. Ya dubi ƙofar, ya dubi katifar da ke wucewa, ya dubi makullin hannunsa.

"Malam, sannu da aiki. Don Allah nan ne gida mai rijiya?"

Akawu ya kama hannunsa ya ja shi gefe kamar tsohon aboki. "Yi magana a hankali, ɗan'uwa."

"Ai ni ma a hankali nake so," in ji mai tabarau, yana satar kallon motarsa.

Sun makara. Maman yara ta fito da tsintsiya a hannu, daidai lokacin da wata mata ta sauko daga ɗayar motar, da yaro a kowane hannu, 'yan biyu masu tatata, kowanne na jan ta wata nahiya. Dillali ma ya iso a babur yana haki, ya fara bayani da hannu biyu. Bai kai rabi ba Maman yara ta gane. Ta dubi mijinta. Akawu ya dubi akuyar da ke wucewa. Mai yagaggen kunnen ce.

"Wato ba ka ma san gidanka ba."

"Kama suke yi."

Ta koma ta tsaya a tsakiyar ƙofa, ta dogara tsintsiya. "To ku ji. Kekena ya sauka. Ban san wanda zai mai da shi mota ba."

"Hajiya, ai ba haka ake yi ba," in ji dillali. "Naku na can, gida biyu gaba. Komai ɗaya ne, rijiya ce kawai babu."

"Wace rijiya?" in ji Maman 'yan biyu.

Mai tabarau ya cire tabarau ya fara gogewa.

"A cikin gidan? Da waɗannan?" Ta ɗaga hannayen yaran, ɗaya na ƙoƙarin cin tsakuwa. "Jiya a bokiti na tsamo wannan. Yaushe ka yi niyyar gaya min?"

"Akwai murfi," in ji shi.

"Firij ma akwai murfi, ka tambaye su."

Matan biyu suka dubi juna. Maman yara ta sauke tsintsiya.

"Shigo ki sha ruwa, ƙanwata. Mai sanyi ne. Ki bar su nan su huta, sun yi ƙoƙari."

Kafin dillali ya samo lambar mai gidajen an gama magana a bakin rijiya: kowa ya zauna inda hankalinsa ya kwanta, guga na kowa ne, a sauya kwaɗo gobe. Maman yara ta leƙo ta ce 'yan dakon maƙwabta sun gaji, tunda Baban yara ya san hanya, ya taya su.

Haka Akawu ya shiga gidansa na asali da katifar wani a ka. Ya bi mai tabarau har ɗakin kwana, ya jingine ta. Bangon shuɗi ne, irin shuɗin da Maman yara ke so. Akawu ne ya zo a ɓoye ranar hutu ya shafa da hannunsa, yini guda, ya koma gida ya ce taro aka yi a ofis. Wani wurin ya yi kauri, wani wurin siminti na leƙowa, can sama kuma inda tsayinsa ya ƙare an ga iyaka sarai.

Maman 'yan biyu ta shigo ta tsaya tana kallo.

"Wannan kuma wane mugun ne ya yi fenti?"

Akawu ya goge zufa, ya ɗaga kai ya duba tare da ita.

"Masu gidajen haya ke nan," in ji shi. "Duk wanda suka tsinta a hanya sai su ba shi aiki."

Ya fita ɗauko ƙafar gado.