Zomaye Masu Tsagaggen Kunne

Kafin Ja'afaru ya ƙarasa bakin akurki, zomon ya riga ya kife, ƙafafu na karkarwa, kumfa na fita ta baki. Ya ɗaga shi, ya hura masa iska a hanci, amma ina! Rai ya yi halinsa.

"Malam, wannan ma?" in ji matarsa Rabi'atu daga bakin murhu.

Ya ajiye zomon a ƙasa. Shekara uku da suka wuce, yana aikin kula da dabbobi a wani ɗakin gwaji a bakin kogin Wudil, Baturen wurin ya sa aka barbaɗa wa jariran zomaye goma farin garin kashe ƙwari, aka tsaga musu kunnen hagu don shaida, aka bar goma ba a taɓa su ba. Wata uku ana duba su, ko atishawa babu mai yi. Bature ya ce garin maganin ba shi da illa, a yanka zomayen a binne, ya koma ƙasarsu. Ja'afaru ya ga ɓarna ce, ya kwaso su gida Lajawa.

Ya juya gawar. Kunnen hagu a tsage, kamar na ukun da suka mutu tun faɗuwar damina. Marasa tsaga kuwa ga su can suna ta cin harawa.

"Rabi, gwangwanin garin kashe ƙwarin da na kawo lokacin haihuwar Indo fa?"

"Hodar Bature? Ai ta ƙare tuni."

"A shimfiɗa kika barbaɗa, ko? Saboda kuɗin cizo."

"Shimfiɗa kaɗai? Kullum aka yi wa jaririya wanka, sai Iya Barakatu ungozoma ta shafe mata wuya da hammata, har muka yi arba'in. Ko sauro bai taɓa ta ba. Ba kai ka ce ko jinjiri ba ta cutarwa ba?"

Shi ya faɗa, ba shakka. Ya waiga wajen 'yarsa Indo.

"Uwata," ya kira 'yar tasa, "zo kawo wa Baba ruwa."

Indo ta taho da ƙoƙo riƙe da hannu biyu, tana murna an aike ta. Kafin ta iso rabin ruwan ya zube. Yatsunta na rawa, kanta na ɗan kaɗawa.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun ƙaramar salla. Sanyi ne, Malam, ka cika zargi."

Sai ga sallama daga zaure. Ja'afaru ya fita da yarinyar a kafaɗa, ya tarar da wani dogon mutum cikin kakin ma'aikata, bayansa jakuna biyu an labta musu gwangwanaye. Ko gaisuwa bai bari sun ƙare ba.

"Kai ne Ja'afaru na ɗakin gwaji? An turo ni in bi gida-gida da garin kashe ƙwarin nan, amma magidanta sun hana ni shiga. An ce da idonka ka ga gwajin. Sa hularka mu je ka gaya musu ba ya cutarwa."