Lambar Sirrin Hadijatu

Ranar Litinin da hantsi Malam Abdulrazak, shugaban makarantar, ya kira Hadijatu ofishinsa, ya tura mata takardu biyu a kan tebur, ko zauna bai ce mata ba. Ta farko wasiƙa ce marar sa hannu, wadda aka wayi gari an liƙa a bangon masallacin unguwa, aka kuma zura wa iyayen yara ta ƙarƙashin ƙofa. A ciki an ce shi da Malama Raihana mai koyar da lissafi suna kulle kansu a ofis bayan an tashi. Matar aure fa, mai 'ya'ya huɗu! Takarda ta biyu kuwa layi ɗaya aka ja wa jan biro: Hadijatu, Alhamis, ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu, kwafi talatin.

"Ba ni na ce ke ce ba," in ji shi. "Kwamfuta ce ta ce."

Wannan kwamfuta mai baki, shi da kansa ya janyo ta. Makarantar kuɗi ce, a bayan tsohuwar kasuwar Daura, firinta ɗaya gare su, malamai kuwa sun mai da ita ta gado. Wannan ya buga katin ɗaurin aure, wancan ya buga takardar filinsa, tawada ta ƙare ana tsakiyar jarrabawa. Da abin ya ishe shi sai ya ɗauko wani mai gyaran kwamfuta daga Katsina, ya sa mata abin da ke rubuta duk wanda ya buga takarda, da rana, da lokaci, da yawan abin da ya buga. Aka ba kowane malami lambar sirrinsa, aka ce kada ya nuna wa ko uwarsa.

Hadijatu ce mai buga takardun makarantar, shekara shida ke nan, ba a taɓa kama ta da ko ɓatan fensir ba. Tana ganin ranar da lokacin ta gane wanda ya zauna a kujerarta. Malam Mainasara ne, tsohon malamin da ya fi kowa daɗewa a makarantar, wanda ya sa rai da kujerar shugabanci aka tsallake shi aka ba yaro sa'an ɗansa. Kuma shi ne mahaifin mijinta.

Ya shigo mata ranar Alhamis ɗin da carbi a hannu, ya ce, "'Yata, ni wannan lambar tasu ta ɓace mini. Buɗe mini taki in ɗan buga wani abu." To, me za ta ce? Suruki ne. Ta buɗe masa, ta ja mayafi ta fita waje, don suruka ba ta zama ɗaki ɗaya da surukinta tana kallon hannunsa. Ta tsaya a gindin darbejiya kusan rabin awa tana jin firinta tana ta aman takarda. Da ya fito har albarka ya sa mata.

"Jibi kwamiti zai zauna," in ji Malam Abdulrazak. "In ba ki kawo mana wani bayani ba, mijin Malama Raihana ya ce kotu zai kai. Kin dai san hukuncin ƙazafi yanzu."

Ta sani mana. Tun da shari'a ta dawo, ko yara a titi sun san bulala tamanin ne, a bainar jama'a.

Da la'asar mijinta Ya'u ya dawo daga jigilar fasinja tsakanin Daura da Zango, ta bari ya ci tuwo ya sha ruwa, sannan ta zayyana masa komai. Ya ɗauki tsinke yana sakace. Can ya ce, "Kin ga abin da ya buga da idonki?"

"Ina zan gani, ina waje?"

"To kin gani. Ba ki gani ba."

"Yaya, bulala tamanin ake magana, a jikina!"

"Ba za a kai can ba. Baba ne fa, Hadijatu. Ki yi haƙuri, ki ce kuskure ne, za a rufa."

A rufa a kan wa? Haushi ya turnuƙe ta. Shekara tara tana gidan nan, ba ta taɓa miƙewa tsaye a gaban tsohon ba, ba ta taɓa cin abinci yana gani ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. Akwai wani ɗan aji biyu mai suna irin nasa, ko shi "mai sunan Baba" take ce masa. Ashe duk wannan kunyar lissafa ta yake yi. Da zai yi ɓarnarsa bai je wurin kowa ba sai wurin wadda ya tabbata bakinta a ɗaure yake.

Washegari ta je gaishe shi kamar kullum, ta durƙusa daga bakin ƙofa, tana jiran ko zai ce wani abu. Ya tambaye ta lafiyar yara, ya ce a gaya wa Ya'u ya taho masa da gero daga Zango. Shi ke nan abin da ya ce.

Ranar Laraba aka taru a ɗakin malamai. Maza bakwai a kan kujeru, Malama Raihana a gefe idanunta sun kumbura don kuka, Malam Sama'ila, sakataren kwamitin, na riƙe da biro yana rubuta abin da aka faɗa. Wa kuke tsammani aka ɗora a kujerar shugaban kwamiti? Wanda ya fi kowa shekaru mana, surukinta! Yana zaune da farar babbar riga, yana jan carbi, fuskar nan kamar ta limamin idi.

Aka karanta layin da ke ɗauke da sunanta. Malam Abdulrazak ya ce, "Ke kika buga, ko kin ba wani lambarki?"

"Na ba wani."

"Wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba ne."

Malam Sama'ila ya ɗaga biro. "Wane Baban? Akwai Baba maigadi, akwai Baba mai shara. Rubutu nake yi, suna nake so."

Kowa a ɗakin nan ya san wane Baba take nufi, wallahi kowa ya sani, amma duk suka zuba wa silin ido. Sai tsohon ya gyara zama, ya yi murmushi, ya ce da murya mai taushi, "Faɗi sunansa mana, 'yata. Kada ki ji tsoron kowa. Faɗi."

Wannan murmushin ne ya ƙarasa ta. Ta miƙe tsaye, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam Mainasara ne. Mainasara Hamma. Shi ya ce in buɗe masa, na buɗe na fita."

"Subhanallahi!" in ji wani malami, har da dafe kai. Wani ya ce, "Kai, duniya ta lalace." Kada ku zaci wasiƙar ce ta girgiza su, ko mutuncin matar da aka yayyaga a bangon masallaci. A'a, sunan da ta kira ne ya tsaya musu a wuya.

Tsohon ya girgiza kai cikin tausayi. "Kun dai ji da kunnenku. Yarinyar da ta iya kiran sunan uban mijinta gatsau a gaban mutane, wace irin wasiƙa ce ba za ta iya rubutawa ba?"

Kawuna suka shiga gyaɗawa. Aka ce ta fita, aka yi ƙus-ƙus na minti goma, aka kira ta. Malam Sama'ila ya karanta mata: an sallame ta daga aiki. Maganar kotu kuwa, Malam Mainasara da kansa ya roƙi arziki a bar ta, kuma zai je ya ba mijin Malama Raihana haƙuri.

"Albarkacinsa kika ci," in ji Malam Sama'ila. "Ki durƙusa ki yi masa godiya."

Ba ta durƙusa ba. Muryarta ta fita tar.

"Ba na son albarkacin. Ku kai ni kotun."

"Ke, kina da hankali kuwa?" in ji Malam Abdulrazak.

"Da hankalina. Kwamfutarku suna kawai ta sani, ba ta san hannu ba. A gaban alƙali a kawo Alƙur'ani, in yi alwala in dafa in rantse ban rubuta ba. Shi ma ya yi alwala ya dafa. In ya iya, ga bayana, a yi mini tamanin ɗin."

Malama Raihana ta share ido, ta miƙe ta zo ta tsaya kusa da ita. "Ni ma kotun nake so," in ji ta.

Duk aka juya ana kallon shugaban kwamiti. Carbin ya tsaya cak a hannunsa. Ya nemi idon Malam Sama'ila, Malam Sama'ila ya mai da nasa kan takarda.

"Ai maganar ba ta kai ga Alƙur'ani ba," in ji tsohon, da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba.

Wannan karon babu wanda ya gyaɗa masa kai.