Hamsin da Gyara

Shekara goma sha ɗaya Malam Zakariyya'u ya yi a kamfanin 'yan tsaki na Hajiya Rukayya, mai gidan ƙyanƙyasa a Kakau da wurin sayarwa a Barnawa. Aikinsa shi ne tsayawa tsakanin masu ciniki da masu kwamfuta. Zai zauna da direba, da mai sito, da matan da ke saye, ya ji yadda harkar take tafiya, sannan ya zana wa masu rubuta manhaja abin da za su gina.

Sai Hajiya ta ɗauko ɗan ƙanwarta Jamilu daga Abuja, ta ba shi sashen kwamfuta. Yaro ne mai kai, amma bai taɓa tsugunawa gaban mai awo a kasuwa ba.

Ranar da aka zauna kan sabuwar manhaja, Jamilu ya haska takardar Zakariyya'u a bango, ya tsaya a shafi na huɗu, inda aka rubuta: "Kowane kwali hamsin, a bar wurin gyara."

"Baba Zakari," in ji shi yana dariya, "tun ba a gina abu ba har ka fara yi masa fatan lalacewa? Aikina ba ya buƙatar gyara. Kai dai tafinta ne, mu kuwa yanzu muna jin yaren juna."

Ya soke layin. Ɗaki ya kwashe da dariya, har Hajiya ta rufe baki da mayafi.

Jimla ɗaya ta isa ta warware maganar. Gyaran da yake nufi shi ne tsaki biyu da ake ƙara wa kowane kwali kyauta, saboda waɗanda ke mutuwa a hanya. Zakariyya'u ya buɗe baki, ya dubi mayafin Hajiya yana rawa, ya mayar da bakinsa ya rufe. A nan ya ƙudura sai ya ga an yi wa Jamilu irin wannan dariyar.

Mako uku yana kallo ana gini. Sabon tsarin yana ƙirga tsaki a Kakau, ya liƙe kwali a kan hamsin, in an ƙara ko ɗaya ya kira shi sata. Kullum a Keke Napep, hanyar gida, yana shari'a da kansa. Ai ya rubuta. Ai ba shi ya soke ba. Wanda ya faɗi gaskiya sau ɗaya aka yi masa dariya, dole ne ya maimaita? Wani lokacin zuciyarsa ta ce dole ne, sai ya tuna kalmar tafinta, shari'ar ta tashi.

Talatar da aka fara aiki da manhajar, matan Kamazou masu kiwon kaji suka cika harabar Barnawa. Shugabarsu Naomi, wadda kowa ke kira Maman Favour, ta buɗe kwalinta ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Malam Umar, ina gyarana?"

Umar mai sito ya sosa ƙeya. "Wallahi Madam, kwamfuta ce ta hana."

"Kwamfuta ce za ta binne mini waɗanda suka mutu kafin Kamazou? Ku ajiye, mata!"

Kwali sittin suka sauka a kan siminti, cikin rana. Aka kira Hajiya. Jamilu ya fito da kwamfutarsa a hannu, ya ce, "Madam, yi haƙuri, me ya lalace da kike son a gyara?"

Maman Favour ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan gidan wa ne? Ko gyaɗa ba ka taɓa saye ba?"

Harabar ta ɗauki shewa. Direbobi na dukan mota, wata tsohuwa har da share hawaye. Zakariyya'u yana tsaye a inuwa, yana kallon zufa na gangarowa daga kunnen Jamilu, daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa.

Kafin a lallashi matan an kai azahar. Da aka ɗaga kwalaye, na gefen rana sun yi shiru. Umar ya riƙa tsamo matattu yana zubawa a bokiti.

Hajiya ta kira su biyun ofis. Ta ce wa Jamilu ya haɗa kayansa. Da ya fita sai ta juyo.

"Malam, mayar da gyaran nan cikin manhaja aikin minti nawa ne?"

"Goma, Hajiya."

"Ranar taron fa?"

"Ko ɗaya ba zai kai ba."

"Shi bai sani ba. Kai ka sani." Ta tura masa kwamfutar. "Yi minti gomanka, ka bar mini makullin ofis wurin Umar."

Ya yi aikin da kyau, ya gwada sau biyu. Da zai fita ya wuce ta gaban bokitin, ya tsaya ya leƙa, ya tambayi kansa ko da za a mayar da shi ɗakin taron zai yi magana. Ya so ƙwarai amsar ta zama e. Ya tsayar da Keke ya hau, yana jiran nadama ta zo, har suka wuce shataletale shewar matan nan ce kawai a kunnensa.