Haruffa Biyu

Shekara tara Arseniy yana kula da wani sashe na manhajar da kowa ke sa wa hannu kyauta. Da aka sa wa ƙasarsa takunkumi, aka cire shi daga masu kula, don imel ɗinsa ya ƙare da ".ru", alamar ƙasarsa.

Ranar Talata ya gano kuskure a aikinsa na da. Ya tura gyara, layi uku kacal, aka dawo masa da shi: lauyoyi sun hana.

Ya kai kuka wurin shugabarsa a ofishin da yake aikin albashi, Zinaida Pavlovna. Ta rufe ƙofa, ta juyo gare shi.

"Kanka ɗaya kuwa? Har yanzu kana tura wa mutanen waje aiki? So kake a ce kai ɗan leƙen asiri ne?"

Ya koma kujerarsa. Ko'ina a manhajar an goge sunansa, ban da kan kuskuren.